Yadda mai tabarau zai ɓata hoton biki ya kuma fita fes

Idan kana sa tabarau, kuma neman abinci ya kai ka ga riƙe kyamara, ga matakan da za su ba ka damar lalata hoto ba tare da laifin ya hau kanka ba.

Na farko, kada ka kuskura ka taɓa ɗan maɓallin nan mai haƙora da ke gefen tagar leƙe. An sa shi ne don ya daidaita tagar da ƙarfin idon mai leƙawa, a manyan kyamarori da yawa daga wajen -3 zuwa +1. Gyaransa ba ya cin minti guda: ka leƙa, ka dubi lambobin da ke ƙasan tagar, ka murza har su fito raɗau. To, in ka yi haka, da wane baki za ka ce kyamarar 'yar gwanjo ce? Bar shi yadda yaronka ya murɗe shi. Kyamara za ta saita fuskar amarya daidai, kai kuwa ka ga dishi-dishi, sai ka ƙwace saitin ka gyara da hannu har abin ya yi wa idonka daɗi. Nan take ka haifar da hazo a tsakiyar damina.

Na biyu, in likitan ido ya ce lanƙwasar idonka ba ta tafi daidai ba, maɓallin nan ba ya maganin wannan, sai da tabarau. Saboda haka cire shi, ka ɗora a kan hula, ka yi ta tambayar 'yan biki ko wani ya tsinta.

Na uku, in ka bar shi a fuska, ka sani yana tura idonka baya. Yawancin kyamarori tazarar da suke yarda da ita ba ta wuce milimita 20 da 'yan kai ba, shi ya sa gefe-gefen hoton suke ɓace maka. Kamfanin Nikon ya ji tausayin irinka tun 1982, ya fito da F3HP mai tazarar milimita 25. Kai ba ruwanka da tausayi. Kada ka zagaya da idonka kusurwa huɗu kafin ka danna. Baffan ango, da ya taso takanas tun daga Damagaram, zai fito da kunne ɗaya da rabin rawani, ya isa shaida cewa ya halarta.

Na huɗu, sa baƙin tabarau irin mai kashe ƙyallin rana. Da ka juya kyamara a tsaye, allon bayanta yana iya yin baƙi ƙirin, domin hasken allon ta fuska ɗaya yake fitowa, tabarau kuma ya tare shi. Ka girgiza kai ka ce batir ne.

Na biyar, da hunturu, goge tabarau da madubin kyamara da bakin rigar shadda mai sitaci. Masu hura ƙura tukuna, su bi da ƙyalle mai laushi, ba su da aikin yi. Ƙurar da ka dirza za ta yi maka zane kyauta.

Na shida, in ka haura shekara 40 ka ga sai ka miƙe hannu tsawonsa kafin ka ga allon, kada ka yarda tsufa ne. Kada kuma ka zuƙo hoton ka duba ƙwayar idon amarya. Ka ce "Ya yi, Hajiya, ya yi!" ka wuce teburin gaba.

Ranar kai hotuna, uwar amarya za ta ɗaga ɗaya, ta karkata shi, ta ce, "Malam mai hoto, wannan 'yata ce kuwa?" Ka gyara zaman tabaranka, ka dube ta da tausayi, ka ce, "Ranki ya daɗe, yaushe rabonki da ganin likitan ido?"