Yaushe Za A Koma Tambayar Fasfo?

A 2021 gwamnatin tarayya ta ce sabon fasfo mako shida ne, sabuntawa mako uku. Amma a Kasuwar Gombe kowa da nasa lissafin. Mai atamfa ya ce ka koma washegari, kada takardarka ta yi barci. Mai hatsi ya ce a'a, yawan buɗe tukunya ba ya sa wake ya nuna. Dillali kuwa ya san wani da ya san wani, a dai kawo na goro.

Mai shayi ne ya raba gardama, ya ce wa mai neman fasfon: "Alhaji, duba ko sunanka ya yi daidai da na NIN, ka jira wa'adi ya cika, sannan ka je. Kafin nan, biya ni bashina, tunda Umara za ka."