Sikirin Ɗin da Bai San Yatsan Mutumin Miga Ba

Waɗanda suka ƙera sikirin ɗin motata ba su taɓa gaisawa da manomin fadama ba. Da sun taɓa riƙe hannun Kawuna, suka ji kantar da fartanya ta gina a tafinsa, da sun bar mana maɓallanmu na dā, waɗanda ko makaho ya lalubo ya murɗa sai sun amsa.

Motar 'yar Beljiyam ce, ta biyo ta Kwatano. Taswirar da ta zo da ita ta Turai ce, don haka duk inda na shiga a Dutse sai in ga kibiya tana yawo a farin fili, babu titi babu gari. Na kai ta Kano, wani yaro mai haɗa wayoyin mota ya cire tsohon sikirin ya liƙa mini sabo ɗan China, faɗinsa ya kai allon gardi. Rediyo, waya, hita, esi, taswira, duk ya tattara su a cikin gilashi ɗaya. Ya ce, "Alhaji, shafawa kawai za ka yi." Ban je Makka ba, amma na karɓi sunan, na biya kuɗin.

Ranar gwaji ta zo cikin Janairu, hunturu ya kankama, hazo ya rufe gari. Za a ɗaura auren ɗan wan mahaifina a wani ƙauye can cikin fadama, gaba da Miga, ƙarfe 11 na safe. Goro da alawa suna but ɗina. Wakilin ango, wato Kawu, ni zan ɗauke shi a kujerar gaba. In ban isa ba, babu aure. Na taso ta Kiyawa da Jahun, na ɗauki Kawu a Miga, ya shiga da bisimilla ya ce, "Ɗan nan, in mun wuce Hantsu zan nuna maka inda za ka sauka daga kwalta."

Na ce, "Kawu, ka huta. Yau na'ura ce za ta kai mu."

Ango ya riga ya turo mini wurin ta WhatsApp. Abin da ya rage in taɓa koren maɓallin da ke cikin gilashi. Na taɓa. Shiru. Na danna. Shiru. Na sa babban yatsa na murza har mota ta girgiza. Kawu ya gyara hula yana kallon waje, irin kallon da dattijo kan yi idan ba ya son yaro ya ji kunya da wuri.

Ga abin da yaron Kano bai gaya mini ba. Sikirin mota galibi iri biyu ne. Tsohon yayi leda biyu ce a jere, in ka danna suka haɗu sai ya amsa, ko da farce ne ko tsinken sakace. Na yanzu kuwa babu ruwansa da ƙarfinka. Wani ɗan lantarki ne shimfiɗe a jikin gilashin, yatsa mai ɗanshi ya ja kaɗan daga ciki, na'ura ta gane an taɓa ta a nan. Busasshiyar fata da kanta kuwa da ƙyar suke jan wani abu. To mutumin Jigawa a tsakiyar hunturu, wanda ya yi alwala da ruwan sanyi iska ta bi ta kansa, a wurin wannan gilashi ba ya cikin masu rai.

Dabara ta zo mini, na lashi yatsa na taɓa. Nan take ya amsa! Wata mata ta fara magana da Turanci, ta ce in miƙe.

Kawu ya waiwaya baya, bai ga kowa ba. "Wace ce wannan?"

"Ita ce mai nuna hanya, Kawu."

"Babu ko sallama? 'Yar wane gida ce?"

Muka wuce inda Kawu ya ce a sauka. Ya yi gyaran murya, matar ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Can gaba ta ce mu karya dama, muka faɗa wani burtali tsakanin gonakin alkama da shinkafar rani, injinan ban ruwa suna ta kuka hagu da dama. Ina so in buɗa taswirar in ga gaba, wannan kuma sai da yatsa biyu. Na lashi biyu. Kawu ya ce, "Tofi kake yi mata?" Na ce a'a, kimiyya ce.

Ashe yadda gilashin ya ƙi bushewa, haka yawan ruwa yake haukata shi. Yawu ya haɗu da ƙurar hunturu ya yi wani ɗan kwaɓi, ya fara gangarowa, duk inda ya bi na'ura ta ɗauka yatsa ne. Hita ta kunna kanta har ƙarshe. Rediyo ya tashi da tallan maganin basir. Rubutun ya juye zuwa na China. Matar kuma ta nace sai mun juya, ta faɗa, ta sake faɗa. Gumi ya karyo mini, na share goshi na kai hannu in kashe hita, na ƙara wa gilashi abin da yake nema. Raina ya ɓaci, na daka tsawa: "Ke tsohuwar banza, rufe mana baki! Tun safe kike juya ni, ke kika saya mini motar?"

Sai wata murya ta fito daga lasifikan mota duka huɗu, da Hausa garau: "Ni kake gaya wa haka?"

Surukata ce. Ɗigon gumi ya shiga jerin lambobi ya kira ta, ta ɗauka, tana ta sallama rediyo ya danne. Na ce, "Inna, wallahi ba da ke nake ba, da wata mata nake." Ta ce, "Au, har da wata mata a motar?" Na kai yatsa in kashe kiran, ya riga ya bushe. Ita ta kashe don kanta.

Kawu bai ce uffan ba. Carbinsa ne kawai ya ƙara sauri.

Burtalin ya ƙare a bakin ruwa. A taswira hanya ce miƙaƙƙiya, a gabanmu kuwa tafki ne da kacala ta fi tsayin mutum, da wani mai fito yana zaune a kwalekwalensa yana kallonmu. A nan ba zan ɗora wa gilashi laifin duka ba. Taurarin da ke gaya wa mota inda take suna can sama da nisan kilomita 20,000, kuma sun faɗi gaskiya, a nan muke. Hanyar ce ta tashi. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa ya biyo a 1992, Kogin Haɗeja ya sake hali, kacala ta toshe masa hanyoyi, ruwa ya koma bin inda ya ga dama. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Miga da Auyo da Kafin Hausa ya san turbar bara tana iya zama gidan tarwaɗa bana. Taswirar wannan ƙasa a kan masu fito take da Fulani masu kora, kuma kowace damina sai sun sake ta.

Kawu ya zaro goro daga aljihu, ya ɓare, ya gatsa, ya miƙa sauran ɓarin yana nuna gilashi. "Ka ga nan inda na ce maka..." Goron ya taɓa sikirin, taswira ta matsa. Ya ja gefe, ta bi shi. Ya dangwala, hita ta mutu. Ɗanyen goro yana da ruwa daidai gwargwado, bai bushe ba, bai jiƙe ba. Kuɗin da na kashe a Kano, ashe maganin yana cikin huhun da ke but.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba, don kada wani ya ce ƙauyanci ne. Tun 1986 kamfanin Buick na Amurka ya sa irin wannan gilashi a motarsa Riviera, bayan 'yan shekaru ya cire, direbobi sun ce yana ɗauke musu ido daga titi. Hukumar Euro NCAP mai auna lafiyar motoci a Turai ma ta ce daga 2026 motar da ke son cikakken maki sai ta ba wa hon da sigina da abin share gilashi maɓalli na gaske. Sun yi taro sun kashe kuɗi kafin su kai inda Kawu yake tun ƙuruciya.

Muka juya da baya har kwalta. Kawu ya karɓi mulki, goro a hannun dama, yana ba matar umarni tana yi masa gardama da harshen China. Muka isa rana ta take tsaka, liman ya gaji da zama, dangin amarya sun fara cewa dama sun ji an ce dangin ango ba su da alkawari. Aka ɗaura, aka raba goro, ni ban ci ba.

Na dawo gida na tarar maiɗakina ta tafi gidansu. Washegari na ɗauki mota da ɗanyen goro na tafi biko, niyyata in nuna wa Inna yadda abin ya faru. Na durƙusa na yi bayanin lantarki da ɗanshi da kanta. Ta taso daga wanke-wanke, ta goge hannu a gefen zani, ta leƙa motar, ta ɗora yatsa ɗaya a gilashi. Ya buɗe mata nan take, rubutu ya dawo Turanci, matar ta yi magana a hankali cikin ladabi.

Inna ta dube ni ta ce, "Wannan baiwar Allah ce tsohuwar banzar?"

Turmin atamfa biyu na saya, ɗaya nata, ɗaya na 'yarta. Kawu ya aiko a gaya mini in shirya, akwai suna a Zareku makon gobe, kuma in taho da gorona, ba zai ƙara ba da nasa ba.