Mu da Sharhin "Allah Ya Ƙara Basira"

Mu fa a unguwar nan, in kika ce kin fara rubuta littafi, ba wanda zai tambaye ki wane kamfani ne zai buga miki. Abin da za a fara tambaya shi ne, na kuɗi ne ko na kyauta? Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Da daddare, yara sun yi barci, in an dace da wuta a jona waya a caji, a zauna ana danna labari da babban yatsa har ido ya fara yaji. Da safe a saki shafi a WhatsApp ko Wattpad. A yi ta saki kyauta har labari ya kai inda zuciya ke ratayewa, amarya na bakin ƙofa ko asiri na dab da tonuwa, sai a tsaya cak a ajiye lambar asusu. Mai son ci gaba ta turo ɗari biyar ko dubu, ta biyo da shaidar biya. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa akan ware musu lambar da za su tura sefa. Mutum ɗaya ce marubuciya, ita ce mai gyara, ita ce mai talla, ita ce kuma mai bin bashi.

Masu ganin wannan sabon abu ne ba su tambayi iyayenmu ba. Waya ce sabuwa, dogaro da kai kam mun gaje shi. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna a 1991, kuma marubutan wancan zamani da kuɗin aljihunsu suke zuwa maɗaba'a, su ɗauko littattafai su kai wa 'yan kasuwa, daga nan su bazu hannun masu bayar da haya a lunguna. Ba su zauna jiran kamfanonin buga littattafai na Zariya ba. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama don su riƙe juna. Sai dai akwai abin da suka samu wanda mu muka rasa: an yi musu gardama. Ibrahim Malumfashi ya kira aikinsu Adabin Kasuwar Kano, ya soke shi ba sassauci, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya wa adabin a shafukan jaridu, aka shafe shekaru ana kai ruwa rana. Da zafi, amma sai da aka karanta littafin kafin a yi faɗa a kansa, kuma wannan ma girmamawa ce.

To mu yanzu mene ne sharhinmu? "Masha Allah Anti, Allah ya ƙara basira." "Mun gode, a ƙaro mana." Sai kuma masu shiga labarin da ƙafafunsu, wannan ta ja wa uwar miji Allah ya isa, waccan ta rantse in aka raba masoyan nan ta daina karatu. Wallahi ina son wannan, don babu abin da ke sanyaya ran mai rubutu kamar ta ga mutanen da ta ƙirƙiro sun hana wata barci. Amma addu'a daban, sharhi daban. A cikin duk masu addu'ar nan babu mai gaya mata cewa yaron da ta ce maraya ne a farkon littafi ga mahaifinsa ya fito ɗaurin aure a ƙarshe, ko cewa attajirin nata yana da jirgin sama amma har aka gama ba a ga sana'arsa ba. Babu mai ce mata ta raba "ya" da "ce", ta sa wa ƙ da ɗ lanƙwasarsu, ta rage Turancin da take cusa wa bakin tsohuwar ƙauye.

Sai kuma bikin da muke yi wa juna: ki tallata mini in tallata miki. Ana turo hoton bango da 'yan layuka, ke kuma ki watsa ki ce ba a taɓa rubuta irinsa ba, alhali ko shafin farko ba ki buɗe ba. Zumunci ne, na sani, kuma marar kamfani ba ta da kowa sai 'yan'uwanta marubuta. Amma mai karatu ba yarinya ba ce. In ta biya sau ɗaya sau biyu ta tarar da abin bai kai yadda aka zuzuta ba, ta daina yarda da bakin kowa, har da ranar da za a faɗi gaskiya a kan littafin da ya cancanta. Kamar mai ƙosai ce da ta ce wa kowane kasko yanzu aka kwashe, ranar da na zafin ya fito ba mai waiwayowa.

Wani abin da ke damuna, kusan duk hirarmu a kan soyayya da zaman aure take ƙarewa, sai ka ce su kaɗai ake rubutawa. Ku leƙa majalisar samarin bakin titi ku ji. Akwai waɗanda suka tashi da littattafan yaƙi na Abdulaziz Sani Madakin Gini, akwai masu bin Nazir Adam Salih saboda sarƙaƙiyar labarinsa, ga masu son na aljanu da na binciken laifi. Kuma tun asali haka adabinmu yake, ba launi ɗaya ba. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta ba mu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam mai yawon duniya da barkwanci, ta ba mu Ganɗoki na Bello Kagara mai takobi da fagen fama, ta ba mu Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke bin sawun bauta har hamada. Kowanne da ma'auninsa. Littafin bincike ana tambayarsa ko ya ɓoye mai laifi ba tare da ya yaudari mai karatu ba. Na yaƙi ana duba ko jarumin yana iya shan kaye, don in ba ya faɗuwa babu fargaba. Na kishi kuwa, a duba ko kishiyar mutum ce mai dalilinta, ko an zana ta ne kawai don a tsine mata. Wadda ba ta karanta sai irin abin da take rubutawa ba za ta iya wannan awo ba.



A layinmu dai mun fara wani abu. Akwai wata Malama da ke koyar da Hausa a sakandaren 'yammata, ita muke kai wa littafi kafin ya fita. Takan karanta har ƙarshe, ta kira marubuciya gefe ta nuna mata inda ya yi rauni, don a bainar jama'a ba a gyara mutum. Bayan an gyara sai ta rubuta rabin shafi: ga abin da labarin ya ƙunsa ba tare da ta tona ƙarshensa ba, ga irin wanda zai ji daɗinsa, ga inda har yanzu yake ɗingishi. Da farko an yi ta kumbure-kumbure, har wata ta ce, "Haba Malama, wa zai saya in kin faɗi aibinsa?" Sai ga shi rabin shafin nan shi masu karatu suka fi turawa juna, domin sun gane in ta yaba to ta karanta ne. Yanzu haka littafin yaƙi ne a hannunta, na yaron nan mai gyaran waya a bakin kasuwa, kuma ta riga ta aika masa cewa sarakunan sun yi yawa, ya rage uku ko ya bambanta musu suna.