Guntun Zazzau Zai Shigo Kano Sayen Ƙwas-ƙwas

Guntu, bawana! Na san kafin ka kai layi na uku za ka ce Bakano ba shi da amana. To ai kai ka jawo. Wa ya aike ka ka bugo mini waya ƙarfe 11 na dare, bayin Allah suna barci, ka ce akwai shawara mai nauyi? Na tashi zaune gabana yana faɗuwa, na ɗauka ko rasuwa aka yi, ko kuwa makarantar da kake koyarwa ta gaji da surutunka ta sallame ka. Sai na ji ka yi ƙasa da murya kamar mai gulma a gidan suna, ka ce: "Don Allah wane kaya ya kamata in sa ranar Asabar? Zan shigo Kano sayen takalmi mai tsini na lefen amaryata."

Ikon Allah! Mutum zai sayi takalmi, amma riga ce ta hana shi barci.

Na tambaye ka ina yayyenka mata, ina gwaggonninka, su da haɗa lefe ya zama gadonsu tun kaka da kakanni? Ka ce wai zuwa da kai ya fi aike. Ƙarya kake, Guntu, rowa ce. Tsoro kake ji kada Yaya Babba ta yanki kuɗin adaidaita da na lemo a ciki. Na sake tambayarka, takalma sun ƙare ne a Sabon Garin Zariya da Tudun Wada, da sai ka hau mota a Kwangila ka yi tafiyar awa 2? Ka ce na Kano sun fi kyau. Wannan kam gaskiya ka faɗa, kuma na rubuta ranar, don Bazazzage bai saba yabon Kano da bakinsa ba. Sai dai ni da kai mun san dalilin: gudu kake kada ɗalibanka su gan ka riƙe da jan takalmi mai walƙiya kana taya shi, ranar Litinin allo ya cika da zanenka.

To tunda shawara ka nema, zo mu buɗe akwatin naka mu duba.

Ka fara kawo zancen babbar riga, shaddar nan da ka ɗinka tun auren fari, wadda kake ajiyewa ƙarƙashin katifa don ta riƙe karin guga. Guntu, ka ji tsoron Allah. Yaron shago a Ƙofar Wambai tun daga nesa yake jin ƙarar sitaci. Kafin ka yi sallama ya miƙe, ya kakkaɓe maka benci, ya ce "Alhaji ranka ya daɗe," takalmin dubu 10 ya koma dubu 25 nan take. Kai kuwa na san ka, da zarar an ce maka Alhaji kanka ya kumbura, taya ma sai ta gagare ka. Ban da haka, babbar riga a jikinka ai tsintsiya ce. Ka ratsa layi biyu da ita, masu sharar kasuwa su tafi gida hutu.

Ka ce to jallabiya fa, har da carbi, don a ga kamala. Sannu ustazu! Ka dubi hoton da kanka: carbi a hannun dama, ƙwas-ƙwas mai duwatsu a hagu, kana ɗaga shi sama kana leƙen dunduniya kamar mai duban wata. Wanda bai kula da kai ba ma sai ya tsaya kallo. Kuma jallabiya a garin nan kayan fita sayen burodi ne da sassafe. Mai shago zai ɗauka aiko ka aka yi, ya ce ka koma ka kira babba.

Da ka ambaci ƙananan kaya, wandon jins da 'yar riga mai gajeren hannu, sai da na ajiye wayar na yi dariya na more. Da wannan tumbin? Ai sai a ce an cusa kabewa a cikin safa. Yi haƙuri, ba na zagin tumbinka, shi kaɗai ne abin da ya girma a jikinka, dole a mutunta shi.

Kwat kuma, wadda ku 'yan bokon Samaru kuke ji da ita, kada ka soma. Ka shiga kasuwa da kwat da jakar hannu, kana tambayar farashi kana rubutawa a ɗan littafi kamar yadda ka saba, kafin ka kai shago na uku an rufe layin gaba ɗaya, an ce masu haraji sun iso.

Amma wadda ta fi kashe ni ita ce dabararka ta ƙarshe. Wai za ka nemo takunkumin da ka ajiye tun zamanin korona a 2020, ka ɗora baƙin tabarau, ka ja hula har gira, don kada a gane ka. Guntu, mutumin da ya rufe fuska yana raɓe-raɓe a bakin shagon mata, a Kano suna gare shi, kuma ba mai daɗi ba ne. Ko ka tsira daga wannan, bakinka zai tona ka. Kana buɗe shi za ka ce, "Matana ne ya aiko ni, ƙafanshi arba'in." Shi ke nan, duk layin ya san daga inda aka fito. Ku da harshenku bai raba mace da namiji ba, ta yaya mai shago zai san wanda za a saya wa takalmin? Sai ya dube ka, ya dubi takalmin, ya ce, "Malam, zauna a gwada."

Kuma a nan ne na kama ka. Ina cikin dariya ka jefo wata tambayar a hankali, wai wando ya kamata ya sauka har ƙasa ko ya tsaya a idon sawu, kuma wai a je da safa ko a bar ta a gida. Tsaya, Guntu. Wanda zai saya wa amarya takalmi, ina ruwansa da tsawon wandonsa? Ina ruwansa da safa? Na ce "as," sai ga ka kana rantse-rantse ba a tuhume ka ba. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Ashe takalmi biyu za a saya: mai tsini na amarya, da sau-ciki mai tudun dunduniya na ango. Ashe shi ya sa a hoton da kuka ɗauka kafin biki aka yanke ku daga gwiwa. Mai hoton ya gaya mini bulo biyu aka jera maka. To, bai gaya mini ba, amma ka ga yadda ka zabura.

Kwantar da hankalinka. Na zage ka iya zagi, bari kuma in share maka hawaye, don bawa ma yana da haƙƙi a kan ubangidansa. Wannan abin da kake ɓoyewa kamar kayan sata, asalinsa na maza ne, mazan ma mayaƙa. Mahayan dawakin Farisa, ƙasar da ake kira Iran a yau, su suka daɗe suna sa takalmi mai dunduniya, domin ita take maƙale ƙafa a likkafa idan barde ya miƙe tsaye a kan doki zai saki kibiya. A 1599 Sarkin Farisa Shah Abbas ya aika jakadu zuwa Turai yana neman abokan yaƙi da daular Usmaniyya ta Turkiyya, kuma a wannan zamanin ne manyan Turawa suka rungumi kayan Farisa, har da takalmin. Don su nuna jarumta suka sa shi. Mata daga baya suka kwaikwaya, su ma don su yi kama da maza. Har gobe 'yan kaboyin Amurka da muka sha kallo a silima takalminsu da dunduniya yake, saboda likkafa. Ka ga ke nan kana da dangi a tarihi. Bambancin kawai, su doki suke hawa, kai kuwa babur ɗinka ma sai ka jingina shi da dakali kake sauka. Hawan Daushe kuma a kan katanga kake kallonsa, ko a nan ɗin ma sai yara sun matsa maka.

Akwai ma wani yayanka a Faransa, Sarki Luwi na 14, wanda ya yi shekara 72 a kan gado, daga 1643 zuwa 1715. An ce tsawonsa bai wuce santimita 163 ba, wato ya fi ka da kaɗan. Shi bai sa takunkumi ba, bai gudu wani gari ba. Jan fenti ma ya sa aka shafa wa dunduniyar takalminsa don kowa ya gani, sannan a shekarun 1670 ya mayar da jar dunduniya alamar 'yan fada, ba kowane gajere ne zai taka ta ba. Zanen da aka yi masa a 1701 yana nan rataye a gidan tarihi na Louvre a birnin Faris, ya turo ƙafa gaba yana nuna takalmin kamar mai talla. Sai wajen tsakiyar ƙarni na 18 mazan Turai suka sauko ƙasa suka bar wa mata. Shi kuwa siririn tsinin nan mai kama da ƙusa, wanda yake huda tabarma da leda a gidan biki, a shekarun 1950 ya bazu, bayan an iya dasa ƙarfe a cikinsa don kada ya karye.

Ba sai mun je Turai ba ma. Ka buɗe tsohon kundin hotunan gidanku na shekarun 1970, ka dubi kawunnanka: gashi tuli guda, wando mai faɗin ƙafa kamar buhu, takalmi kuwa kamar an ɗaura musu turmi. Su ne yau suke zaune a zaure da rawani suna cewa yaran zamani sun lalace. Sunan Bata da kake ji a bakin kasuwar Sabon Gari ta Kano, na kamfanin takalma ne, kuma iyalan gidan suna da gidan tarihin takalma a Toronto ta ƙasar Kanada, inda a 2015 aka yi baje koli sukutum a kan maza da takalmi mai dunduniya. Da sun san da kai, da sun aiko maka da takardar gayyata, su tsayar da kai a cikin gilashi.

Yanzu ga amsar tambayarka, kyauta, ko da yake Bakano bai saba ba. Ka sa kaftaninka na zuwa aiki, wankakke amma ba sabo ba, da hular da ta ɗan sha rana. Mai shago ba ya duban rigarka sai don ya auna aljihunka, abin da kake saya bai dame shi ba. Kafin kai, maza nawa suka zo suka sayi abin da ya fi wannan nauyin faɗa, suka ƙulle a baƙar leda suka tafi? Ka sa wandon da za ka sa ranar ɗaurin aure, don a ga inda bakinsa zai tsaya a kan takalmin, kada ya ɗage ya tona asirin tudun. Ka zo da safar da za ka sa. Ka bari sai bayan la'asar, lokacin ƙafa ta sha tafiya ta ɗan kumbura, abin da ya shige ka a lokacin ba zai matse ka ranar biki ba. Ka gwada ƙafa biyun, don da wuya su zo daidai da juna, kuma ka taka ka je ka dawo, kada ka zauna kana kallonsa kamar hoto. Kada tudun ya wuce inci 2. Duk abin da dunduniya ta ɗagu, nauyin jiki a kan yatsu yake komawa, kai kuwa ga kabewa a gaba. Ba na so a ce ango ya kifa a gaban surukai.

Na amarya kuma, kada ka dogara da "ina jin arba'in take sawa." Lambar da aka buga a gindin takalmi ba ta cika faɗar gaskiya ba, kamar yadda ba duk wanda aka rubuta wa Italiya ne ya taɓa ganin jirgi ba, wani daga Aba ya hau mota ya zo, kuma yana da ƙwarinsa. Ka sa ƙanwarta ta sato maka tsohon takalminta, ko a auno ƙafar da tsinken tsintsiya yadda iyayenmu suke yi mana da Sallah. Ka kuma yi magana da mai shago tun kafin ka biya, in bai yi ba za a dawo a canja.

Saura lissafi, tunda kai malami ne. Yarinyar nan ta fi ka da inci 3 a tsaye ba takalmi. Ka ce mai inci 4 za ka saya mata, don shi ake yayi. Kai kuma za ka hau inci 2. To 3 a tara da 4 a ɗebe 2, nawa ya rage? Ka baro Zariya ana bin ka 3, ka kashe kuɗin mota da na takalma biyu, ka koma ana bin ka 5. Wannan shi ne cinikin Zagezagi, kuma da shi kuke cewa ku ne birnin ilimi. Da ni ne, sai in saya mata mai shimfiɗaɗɗen gindi in ce likita ya ce tsini yana kawo ciwon baya. Ba ƙarya na yi ba, kuma ita ma ta huta, don dama awa biyu take yi da shi a wajen dina ta tuɓe ta koma silifas.

Gaskiyar da ba na son faɗa maka ita ce, yarinyar nan ta gan ka a tsaye, ta gan ka a zaune, ba ta ga bambanci mai yawa ba, kuma ta ce ta ji ta gani. Gajere ba yaro ba ne. Tudun da za ka saya a Wambai a bakin ƙofa za ka tuɓe shi, da tsawon da Allah ya ba ka za ka shiga ɗaki.

Ranar Asabar ina jiran ka, ni zan raka ka, ni zan yi cinikin, kai ka yi shiru kada ka ɓata mana farashi. Ka taho da tsinken, ka bar takunkumin a gida, ka kuma haɗo da kuɗin sharata na watan cika-ciki, shekara biyu ke nan kana zillewa. In kana da martani ka rubuto, shafin nan a buɗe yake, in dai ka samu kujerar da za ka taka ka kai tebur.