Rabin Yadi Ya Isa, Alhaji

Ku yi dariyarku ku gama, ba na sauri. Abin da na ce dai shi ne, rabin yadin atamfa, irin wanda kan yi saura bayan an fitar da riga da zane da ɗankwali, ya isa a ɗinka jakar cefane da za ta ɗauki kwanon shinkafa biyu da albasa da dankali, ta je Kasuwar Rimi ta dawo, gobe ma ta koma, har shekara ta zagayo. Tun ban rufe baki ba na hango ku: mai taɓe baki, mai gyara zaman hula, da Hajiyar da ta ce "to, Allah ya ba da sa'a" da irin muryar da ake sallamar mai talla.

Alhaji, kai ne babba, da kai zan fara. Ka ce me zai kai ka ɗinkin jaka alhali leda kyauta ake ba ka. Ranka ya daɗe, a cikin birnin Kano aka haife ka, kakanka ya yi ciniki a Kurmi, amma ka yarda akwai ɗan kasuwar da ke ba da kaya kyauta tun safe har magariba? Mai kayan miya ɗaurin ledar nan saye ya yi, baƙar da santanar duka, kuma kuɗinta yana cikin kashin tumatirin da ka ga ya rame. Daga man fetur da iskar gas ake samun abin da ake yin ta, don haka duk abin da ya taɓa dala ya taɓa ta. Babbar ma, viva, ai ba a ɓoye maka, hannu ake miƙo maka ka biya. Wannan biya na farko ke nan. Na biyu sai watan Agusta, ranar da aka kwana ana ruwa, lambatun lungunku ya toshe, kwata ta juyo ta shigo zaure, kai da samarin unguwa kuka tattare wando kuna zaƙulo abin da ya tsaya a bakin kwalbati. Me kuke zaƙulowa? Kar ka ba ni amsa, tambayi Jakara da kududdufan da suka rage a cikin gari. Biya na uku akuyar uwargida ce, wadda take ci ba ta ƙiba, cikinta kullum a kumbure, sai da mahauci ya farke tumbin aka ga ledar da ta dunƙule a ciki. Kirarinmu tumbin giwa ne, na yarda, sai dai ban so a ce ranar da aka farke shi abin da za a tarar ke nan.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Bangaladash ce ta fara haramta siririyar leda a 2002, bayan da aka gano ita ke toshe magudanai lokacin ambaliya. Ruwanda ta bi a 2008. Kenya ta zo da tata a 2017 da hukunci mai zafi, tara mai nauyi ko ɗaurin da zai iya kai shekara 4. Makwabtanmu na Nijar sun yi doka tun 2014, amma duk wanda ya bi hanyar Maradi ya ga yadda baƙar leda ta yi wa ƙayoyi ado zai gane cewa rubuta doka daban, hana mai ƙosai zuba ƙosai a leda daban. Shi ya sa ni ba doka nake kira ba, kuma ba na jiran motar shara ta REMASAB ko tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata. Tela nake kira.

To ga ɗan boko can ya ɗaga hannu, ya gyara tabarau. Shi ya fi kowa haɗari, domin da hujja ya zo. Ya ce hukumar kula da muhalli ta Ingila ta fitar da bincike a 2011 cewa jakar auduga sai an yi amfani da ita sau 131 kafin ta rama hayaƙin da aka fitar wajen yin ta, idan aka gwada da leda ɗaya da aka jefar. Ya ƙara da cewa 'yan Danmak a 2018 sun lissafa har da ruwa da taki da sauran ɓarna, suka ce sau 7,100. Gaskiyarka, Malam, alƙaluman haka suke. Amma ka karanta da kyau: sabuwar jaka suke magana a kai, wadda aka shuka audugarta dominta, aka kaɗe, aka saƙa, aka rina, aka yi mata jirgin ruwa. Tawa kuwa an riga an biya kuɗin audugarta tun ranar da Hajiya ta sayo turmin a Kantin Kwari. Ƙyallen yana nan ko na ɗinka ko ban ɗinka ba. In ban ɗauka ba, yaron shago zai share shi ranar jajibere, ko ya tafi cikin matashin kai, ko bola, ko a cinna masa wuta. Saboda haka bincikenka ba ni ya kayar ba, mai zuwa babban kanti ya sayo sabuwar jaka mai hoton ganye ya kayar. Sannan Turawan nan lissafinsu na ƙasar da ake kwashe shara ne a kai inda aka tanada. Ba su sa akuya a ciki ba.

Yanzu sai uban gayya. Tela ya dubi ƙyallen, ya ɗaga shi sama da yatsu biyu, ya ce, "Wannan? Ko aljihu ba zai yi ba, sai an ƙaro yadi ɗaya." Maigida, mun san wannan karatun. Da shi kuke sa mu sayi yadi biyar a ɗinkin yadi huɗu, kuma ba mu taɓa tambayar inda hular ɗan autanka ta samo shadda irin tamu ba. Ɗauko tef mu auna tare. Rabin yadi inci 18 ne, faɗin atamfa kuwa wajen inci 45. Yanke 34 daga cikin 45 ɗin, ka ninka biyu: ga jiki nan, faɗi 18, tsawo 17, kuma gindinta ninki ne ba ɗinki ba, wato wurin da nauyi ya fi zama babu zaren da zai tsinke. Saura inci 11. Fitar da falle biyu masu faɗin inci 4, kowanne ka naɗe gefensa biyu zuwa tsakiya, ka sake ninkewa, ka bi da keke gefe da gefe: hannaye sun samu, ninki huɗu-huɗu. Ragowar inci 3 ɗin kuwa na yafe maka, ka kai wa ɗan auta.

Gefen jakar sau biyu ake ɗinke shi. A fara ta fuskar waje dab da baki, a juya, a sake bi ta ciki yadda ɗinkin farko zai shige cikin na biyu, bakin yadin ya ɓuya, ba zai zazzago zare ba ko an sha wanki. Kusurwoyin gindi a lanƙwasa kowace ta yi tsini, a ɗinke ta a gicciye inci 2 daga tsinin, sai jakar ta sami mazauni, ta tsaya da kanta maimakon ta kwanta tumatir ya gangare. Baki a kalmashe sau biyu a cusa kan hannayen a ciki. A nan ne masu gaggawa suke faɗuwa: hannu ba a yi masa layi ɗaya a wuce. Murabba'i za a zana da zare, a gitta layi biyu a cikinsa daga kusurwa zuwa kusurwa. Jakar da ta yi wa mai ita tsiya a tsakiyar titi, in ka duba, kusan kullum a mahaɗar hannu ta yage, ba a jiki ba. Atamfar yanzu in ta cika shara-shara, a sa mata shafi da buhun shinkafa wankakke. Kuma a jiƙa yadin tukuna ya zubar da sitaci da rini, kar farar shaddar Alhaji ta dawo daga kasuwa da taswira a cinya. In zanen tsuntsu ne, a gefe ɗaya zai iya fitowa kai a ƙasa. Barkono bai taɓa ƙorafi ba.

"To in ƙyallen bai kai rabin yadi ba fa? In guntaye ne?" A haɗa. Na ji wata daga Yakasai ta ce ita ba za ta riƙa jakar faci-faci ba kamar rigar mahaukaci. Yaya, yi a hankali, kina zagin kakanni. Masaƙanmu na gargajiya ba yadi mai faɗin inci 45 suke saƙawa ba. Sirara-sirara suke fitar da saƙarsu, maɗinka su jera su haɗa da allura falle bayan falle har a sami babbar riga. Turkuɗin da ake rinawa a Kura a buga shi ya yi ƙyalli, wanda Buzaye ke naɗawa, faɗin kowane falle nasa bai kai yatsu biyu ba, haɗa shi ake yi. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, zamanin Sarki Usman ɗan Dabo, tufafin nan na haɗi ne ya tarar ana kai su har Murzuk da Tarabulus da Tambutu. Garin da yake da unguwar Soron Ɗinki, da Dukawa, da karofin Ƙofar Mata, shi ne yau za a ce haɗa ƙyalle huɗu ya zama abin kunya a cikinsa? Dabarar kawai ita ce a haɗa masu nauyi ɗaya, atamfa da atamfa, shadda da shadda, kar a aura wa leshi kaki. A yanka su daidai, a danne kowane ɗinki da dutsen guga kafin a ɗora na gaba. In guntayen sun ƙi ba da hannu mai tsawo, ƙafar tsohon wandon jins tana nan, ta fi atamfar ma juriya.

Ke kuwa, in za ki buɗe akwatin nan na ƙarƙashin gado, ankon biki nawa ne a ciki da aka sa sau ɗaya? Na bikin 'yar ƙawar ƙanwar miji, wanda aka yi rigima kafin a biya kuɗinsa, launinsa ma ba ya yi miki. Zanensa kaɗai jaka uku ne har da canji.

Na dawo kanka, Alhaji, don na ga ba ka gamsu ba, kuma na san inda gizo ke saƙar. A cikin gari kai ne mai cefane, ko kai ko yaron da aka aika. Abin da ke cin ranka shi ne a gan ka ka ratso Mandawari da jaka mai furanni ja da ruwan ɗorawa, 'yan majalisa su samu abin yi har bayan isha'i. To wa ya ce lalle sai atamfa? Ragowar yadin kaftaninka fa? Ka fito da ruwan toka, jakarka ruwan toka, a ce Alhaji ya yi anko da cefanensa. Malamin da ya koya maka alif da ba da gafaka yake yawo. Wanzamin da ya yi maka aski ranar suna da zabira ya zo. Fataken da suka kawo goro daga Gwanja ba a leda suka ƙunso shi ba. Duk waɗannan maza ne, har da gemu. Kai kuma da kake jin kunyar jaka, jiya na ga irinka a kan babur, leda shida rataye a hannun babur, ɗaya ta fashe, yana bin attaruhu a tsakiyar titi, masu adaidaita sahu suna yi masa hon. In mutunci ake tattali, a sake lissafi.

Hajiya mai "Allah ya ba da sa'a" ta ajiye tambayarta sai ƙarshe, kuma tata ce ta fi nauyi: nama fa? Kifi fa? Manja, da niƙa, da awara mai yaji? A nan kam ba ni da bakin musu, jakar yadi ba ta riƙe ruwa, kuma wanda ya zuba ɗanyen nama a cikinta ya rataye bai wanke ba, ƙudan unguwa za su zo yi masa godiya. Amma Hajiya, yaran da kike aikawa inji, a me suke kai markaɗe? Ba a bokiti ko roba mai murfi ba? Ita ɗin za a sa a cikin jakar, mahauci ya zuba a rufe. Kwanon samira bai yi ritaya ba, ku kuka jera shi a kabet kuka hana shi aiki. Kokon safe mai tururi da ake ɗaurawa a farar leda ma ya fi dacewa da kofi, ko don cikin yaran. In kuma wata rana dole ta sa an karɓi leda ɗaya saboda kifi, an karɓa. Ɗaya ce, ba tara ba. Jakar kuma ranar wanki a jefa ta cikin kaya, rana ɗaya ta Kano ta ishe ta bushewa har ta yi ƙauri.

Saura mai cewa zai manta ta a gida. Kai da ba ka taɓa manta waya ba, ko sallar asuba za ka. Atamfa in an ninke ta ba ta fi hankici girma ba, tana shiga aljihun gaban riga, tana kwana a ƙarƙashin sirdin babur. A ɗinka biyu, ɗaya a ƙusar zaure, ɗaya a jiki. Abokan wasana Zagezagi kaɗai na ɗauke wa, su a ɗinka musu uku, a ɗaura ɗaya a wuya.

Sai dai kar wanda ya kai wa tela wannan aiki a goman ƙarshe na azumi, ya dawo yana cewa na yaudare shi. A lokacin ko ɗinkin surukinsa bai gama ba, ya kashe waya, ya koma kwana a shago. A bari sai bayan Hawan Nassarawa, lokacin da keke ya yi shiru, tsummoki sun taru har gwiwa, shi kuma yana zaune yana korar ƙuda. Ranar ko kuɗin zare ka miƙa zai karɓa, har ya tambaye ka ko a sa mata aljihu.