Rediyo Ta Sha Ruwa

Da Agusta ta kama, teburin mai gyara a kasuwar Tasawa cika yake da 'yan rediyo masu memwar da suka yi wanka ba shiri: wata a gona, wata wajen ƙetare Gulbin Kaba a Mayahi. Kowa sai rantsuwa: "Wallahi, maigida, ban kunna ba!" Ya kunna mana, don ya ji ko Shata na numfashi. Nan wuta ta gamu da ruwa, cikin ya ƙone.

Wai a binne rediyo cikin shinkafa. Shinkafar da ake yi wa tanadin salla? Ita tsatsa ba ruwanta da abincin kowa.

Malam, a cire batir da memwar, a goge cikin da alkol, a shanya a inuwa kwana biyu. Memwar dai yawanci tana tsira.