Maganin Matacciyar Kwamfuta Sai da Mai Rai

Ra'ayina, ko da za a ce na cika kwakwazo, shi ne duk mai kwamfuta a Birnin Gwari ya ware filashi guda wanda ba ya ɗaukar waƙa ko hoton biki, kuma ba a ara wa ko da kawu. Aikinsa ɗaya tak: ranar da kwamfuta ta wayi gari ta ƙi tashi, a soka shi ya tashe ta, a sake zuba mata Windows ko Linux. Kuma yau za a haɗa shi, tun tana da lafiya, don sai da kwamfuta mai rai ake haɗa maganin matacciya. Bawan Allah zai zauna gaban baƙin allo, ya ɗauko waya ya nemi shawara, a ce masa ya sauke manhajar a kwamfutarsa. Wacce? Wadda ke kwance rai a hannun Allah?

Masu rubuta irin wannan umarni a Amurka sun ɗauka wuta da sabis tare da iska aka halicce su. Fayil ɗin Windows 11 ya haura giga 5, kuma mahaɗin da Microsoft ke bayarwa don sauke shi awa 24 kawai yake aiki. Wanda ya jona kwamfuta da datar waya, ya jingina wayar a taga don ta kamo sanda biyu, ya san yadda ake kallon lamba tana rarrafe har ta kusa ƙarshe, sannan a ɗauke wuta, ko saƙo ya shigo cewa data ta ƙare. Kashegari ya dawo ya tarar mahaɗin ma ya riga mu gidan gaskiya. Wannan a ranar da akwai sabis ke nan. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Kaduna ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar saboda 'yan bindigar daji, har da Birnin Gwari, aka shafe makonni a haka. Mai shagon buga takardu da kwamfutarsa ta lalace a lokacin, ko dai yana da filashin a aljihu, ko ya koma rubuta wa mutane wasiƙa da biro.

Haɗa filashin kansa yana da ramuka, shi ya sa nake cewa a faɗa su a ranar da babu gaggawa. Na farko, mutum ya kwafi fayil ɗin ya ajiye cikin filashi yadda ake kwafar fim, ya soka, ya naɗe hannu yana jira. Kwamfuta ba ta san ya yi ba. Sai an bi ta manhaja irin Rufus, wadda Pete Batard ya fitar tun 2011, ta tsara filashin yadda na'ura za ta iya tashi daga cikinsa, kuma filashin kada ya gaza giga 8. Rufus kuwa kafin ta fara sai ta share duk abin da ke ciki. Tana gargaɗi ɓaro-ɓaro, amma ɗan Adam bai taɓa karanta gargaɗi ba in akwai maɓallin amincewa a ƙasansa. In filashi biyu ne a jone, ta nan takardar filin gado da hotunan sunan jariri ke bin iska. Sai zaɓi tsakanin GPT da MBR: sababbin na'urori masu UEFI na son na farko, tsofaffin 'yan gwanjo masu BIOS na da na son na biyu. A kuskure, kwamfuta ta kalli filashin ta kau da kai. Bayan haka sai kiɗan kalangu a kan maɓallai da zarar an kunna don a zaɓi tashi daga filashin, F9 in HP ce, F12 in Dell ce, a makara da ƙiftawar ido a sake kashewa. Ga kuma filashin jabu da aka rubuta wa giga 64 a jiki alhali cikinsa bai kai rabin rabi ba. Yana karɓar kaya ba musu, sai an zo tsakiyar aiki ya ce bai san zancen ba. Rufus tana iya gwada shi kafin a fara, in mutum zai haƙura da jira.

Za a ce me ya yi zafi, a kai wa mai gyara a Kaduna mana. Tafiyar ta haura kilomita 100, ta Udawa da Buruku, hanyar da aka yi shekaru matafiya na shiga da addu'a a baki. Za a ƙara da cewa ai an samu sauƙi tun sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a Nuwamban 2024, har kasuwar shanu ta sake buɗewa. Allah ya ɗorar. Amma ko hanya ta zama lafiya lau, kuɗin mota zuwa da dawowa da yinin da za a ɓata sun sayi filashi da canji. Wasu kuma su ce a ari na mai gyaran waya a bakin kasuwa. Filashin da ya kwana a kwamfuta arba'in, ɗauke da Windows ɗin da wani ya fasa ya ɗinke, ba ni da tabbacin cuta zai cire ko zai kawo.

Ƙorafin da na fi ɗauka da nauyi shi ne cewa abin cikin filashi yana tsufa. Gaskiya ne. Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma tana neman wani sashen tsaro da ake kira TPM 2.0, wanda tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Rufus tana iya cire wannan sharaɗi, da na dole sai an shiga intanet yayin zubawa, duk da cewa Microsoft ba ta ɗauki alhakin na'urar da aka yi wa haka ba. Abin da na fi so shi ne Ventoy, wadda ta fito a 2020: a tsara filashin sau ɗaya, daga nan a riƙa jefa fayiloli ciki ana musanya tsoho da sabo. A sa Windows, a sa Linux Mint kusa da ita, don ita tana tashi daga filashin kai tsaye ba tare da an zuba ta ba, mutum ya kwashe takardunsa daga kwamfutar da ta suma kafin a yi mata fomatin.

In an gama, a gwada filashin a ranar, a ga allon farko ya bayyana, sannan a kashe a zare. A nan a tsaya. Wanda ya ci gaba da dannawa don ya ga ko da gaske yana aiki, har ya goge rumbun ajiyar kwamfutar da lafiyarta ƙalau, zai ga yana aiki sosai.